Yatsa Uku a Gefen Dama

Ƙanena ya daɗe da rasuwa, amma har yau in na je Salaga sai wata tsohuwa ta tsayar da ni a bakin zaure ta ce, "Kai ne wan mai kwamfuta?" In ce mata ni ne. Lokacin da yake raye wannan tambayar tana ci mini rai ƙwarai.

Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu, shekara tara tsakaninmu. Kakanninmu fataken goro ne, amma kafin abin ya zo kan babanmu goro ya ja baya, doya yake saye a ƙauyuka yana lodawa Kumasi. Ni karatuna ya tsaya a makarantar midil, aka kai ni Yendi wurin wani fita, wato bakanike, na koyi gyaran mota, daga baya na koyi tuƙi. Ƙanena kuwa bai tsaya ba, ya yi ta wucewa har ya sami shiga makarantar koyon sana'a a Bawku. Ba zan ce an tauye ni ba, domin ni da kaina ba na son zaman aji. Sai dai in mun haɗu a gida da salla, ni Mma, mahaifiyarmu, take sawa in gyara ƙyauren da ya ɓalle, shi kuma ta zaunar da shi kusa da ita ya karanta mata wasiƙu, har da waɗanda an riga an karanta mata.

A tsakiyar shekarun tamanin wata makarantar sakandare a Yendi ta ɗauke ni in riƙa tuƙa bas ɗinta ina kuma gyara shi. Tsohon bas ne mai dogon hanci. Ba shi da littafin bayanin kayansa. In ma ya taɓa samu, ya ɓace kafin zuwana. Da tsinken tsintsiya nake awon kayansa, kamar yadda maigidana ya koya mini: ka ɗora tsinke a kan ƙarfe, ka karya shi daidai tsawonsa, ka ɗaura masa zare mai launi don ka tuna na wane wuri ne. Abu mai tsawo kuma da igiya, a ƙulla ta. In wani abu ya lalace wanda babu shi a Tamale, hedimasta yakan ba ni kwana biyar. In bi ta Salaga in kwana wurin Mma, in haye jirgin fito a Makango, in isa Kumasi da tsinkayena a gwangwani, in tsaya a kan maƙera har su yi abin yadda nake so. Wannan tafiyar ita ce girmana a makarantar. Babu wanda zai iya yin ta sai ni.

Wata damina muna dawowa daga Bimbila da 'yan ƙwallo, ruwa ya cinye gefen hanya, tayar baya ta dama ta faɗa rami. Babu wanda ya ji ciwo, amma maratayar da ke riƙe da sifirin na wannan gefen, wato fallayen ƙarfen da nauyin bas ke zama a kansu, ta tsage tare da ƙarfen da take manne a kai. Wurin ya ƙi walda. Sai na ja maratayar baya kaɗan zuwa inda ƙarfe ke da lafiya, na samo babban fallen sifirin na wata motar doya da ta mutu, wanda ya fi namu tsawo da yatsa uku, na sake huda shi a inda zai sa tayoyin baya su tsaya daidai da juna. Bas ya tashi yana tafiya sak. Shekara da shekaru babu wanda ya lura gefen dama ya fi na hagu tsawo, ni kuma ban faɗa ba don babu wanda ya tambaya. Duk aikin da na yi da hannuna babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ƙanena ya gama karatu, makarantarsa ta riƙe shi yana taimaka wa malamin zane. An kawo musu kwamfuta biyu, shi ne ya fi kowa zama a gabansu. Sai aka ce za a ɗauki cikakken malami guda ɗaya. Duk mai nema sai ya nuna aikin da ya yi da kansa, ya kuma kawo takardar shaida daga inda aka yi amfani da aikin. Da dogon hutu ya zo Yendi da jakar ma'aunai, ya ce bas ɗina zai saka a kwamfuta, kowane ƙarfe da awonsa, yadda in wani abu ya lalace sai kawai a buga takarda a aika wa maƙera.

Na ce, "Duk motocin Bawku ba su ishe ka ba?"

Ya ce, "Na Bawku kowa ya sa musu hannu, Yaya. Naka hannu ɗaya ne."

Na ji daɗin maganar. Kwana biyu na yi ina jin daɗinta.

A rana ta uku hedimasta ya sa aka kawo masa kujera gindin dalbejiyar da muke aiki. Mutumin da shekara goma sha biyu yake kirana Direba, ko sunana bai cika tunawa ba, tun zamansa ya fara kiran ƙanena Injiniya. Matan kicin ma suka gano hanya. Babbarsu takan kawo mana abinci da kanta, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

"Direba, ashe kuna da mai kai a gidanku ka ɓoye mana?"

"Kan nasa ai a wuyana yake zaune, Hajiya."

"To riƙe shi da kyau, kada ya faɗi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na buɗe kwanonmu na ga ta ajiye nama uku a gefensa, ɗaya a nawa.

Kwana tara muka yi. Ni ke kwancewa in wanke da kananzir, shi ya auna da wani ma'auni mai baki kamar na kada, ya rubuta a milimita. Ba ya gaggawa. Noti ɗaya sai ya auna shi sau uku. Da mai ganganci ne da hankalina ya kwanta, amma aikinsa mai kyau ne, kuma ina gani da idona duk abin da na sani yana fita daga hannuna yana shiga littafinsa.

A rana ta takwas muka zo kan sifirin na baya. Na riƙe masa bakin tef a gefen hagu, ya auna tsawo, ya auna lanƙwasa, ya ƙirga falle-falle. Sai ya fito daga ƙarƙashi ya fara naɗe tef. Ya ga ina kallonsa, ya ɗauka bayani nake nema.

"Wancan gefen ba sai na auna ba. Akwai inda zan danna a kwamfuta ta juya wannan ta mayar da shi can, kamar madubi."

Allah ya sani bakina ya buɗe. Amma kafin in yi magana hedimasta ya buga cinya ya ce, "Ka ji ko, Direba? Rabin wahala ya tafi. Kai da sai ka karya mana tsintsiyar makaranta gaba ɗaya."

Na ce, "To."

Na ɗauki sifana na koma gaban mota.

Bayan wata biyu na kai ɗalibai gasar guje-guje a Bawku, ƙanena ya ja ni ɗakin kwamfutarsu. An rufe tagogi da labule, kowa sai ya cire takalmi. Ya saka faifai, muka jira, sai layuka suka fara fitowa a baƙin gilashi. Bas ɗina ne, babu jiki babu kujeru, ƙashinsa kawai. Ya danna ya juya shi, ya kifa shi na ga cikinsa ba tare da na kwanta a ƙasa ba. Har wayar da na ɗaure famfon mai da ita tana nan, da murɗinta uku. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, kuma ban taɓa jin ƙunci irin na ranar ba.

Ya ce, "Duba da kyau, Yaya. Akwai abin da ya kauce?"

Idona yana kan sifirin biyu na baya, tsawonsu ɗaya.

Na ce, "Ni ban iya karatun wannan ba."

Ya buga takardun, manya, na kawo wa hedimasta da hannuna. Ya ce zai rubuta takardar shaidar da zarar an gwada aikin. Ba a daɗe ba sifirin na baya suka gaji, bas ya fara zama a kan tayoyinsa in an cika shi. Na ɗauko igiyata na ce wa matata ta haɗa mini kaya. Hedimasta ya ce babu buƙata. Mai sito zai je Kumasi sayen littattafai, sai ya wuce da takarda.

"Ka huta, Direba. Zamani ya zo maka da hutu."

Da kayan suka iso na ɗaga bas na ɗora shi a kan itace. Na hagu ya shiga kamar a wurin aka ƙera shi. Na dama na saka kansa na gaba, na ɗaga na baya, ya tsaya yatsa uku kafin marataya. Hedimasta yana tsaye da malamai biyu.

"Maƙeran ne suka yi kuskure?"

Na jera fallen biyu a ƙasa, na ɗora tef a kansu, na nuna masa lambar da ke takarda.

"Yadda aka rubuta haka suka yi, Sa."

Ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina, cewa ban yi ƙarya ba.

Mako uku bas yana kan itace. Wasannin Tamale suka zo, ɗalibai suka tafi a tsaye a bayan motar doya, 'yan wasu makarantu suna yi musu ihu. Daga nan aka ba ni kwana biyar ɗina. Babbar kicin ta ce ashe kwamfuta ma tana ƙarya, ta cika mini kwano. Ba zan ɓoye ba: a kan jirgin fito, igiyata a aljihu, na ji daɗi sosai. A Salaga Mma ta tambaye ni ko aikin ƙanena ya yi kyau, na ce mata ana kai.

Hedimasta ya rubuta wa ƙanena cewa ba zai iya ba da shaida a kan aikin da ya kunyata makaranta ba. Ranar Asabar da hantsi sai ga ƙanena a Yendi. Bai je ofis ba, bai ma ajiye jakarsa a gidana ba. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin bas ta gefen dama. Na tsaya kaɗan, sannan na shiga na kwanta kusa da shi.

Ya daɗe yana kallon sama.

"Yaya, wa ya ja maratayar nan baya?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Kana makaranta tukuna."

Ya bi waldar da yatsa tun daga farkonta har ƙarshe.

"Kuma ka kaucar da hudar tsakiya don tayoyi su daidaita."

"I."

"Ni da ban yi wannan tunanin ba."

Na jira ya tambaye ni me ya sa ban faɗa masa ba. Na ma shirya amsa iri biyu, ɗaya gaskiya ɗaya ba gaskiya ba. Bai ba ni damar faɗar ko ɗaya ba.

Ya ce, "Riƙe mini tef."

Na riƙe. Ya auna sau uku, ya rubuta, ya ci abinci a gidana, ya yi wasa da 'ya'yana, da la'asar ya hau motar Tamale.

An ba wani aikin malantar. Ƙanena ya ƙara 'yan watanni yana taimaka wa mutumin da aka ɗauka, yana koya masa kwamfutar, sannan ya bar makarantar ya shiga cinikin albasa tare da surukinsa a kasuwar Bawku.

Sai da wata biyar suka wuce na iya shiga ofishin hedimasta. Na faɗa masa yadda bas yake, da cewa ina tsaye aka auna gefe ɗaya, da cewa an tambaye ni a Bawku na ce ban sani ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Me ya sa sai yanzu?"

"Ban sani ba, Sa."

Washegari ya kira ni ya miƙo mini ambulan, takardar shaidar ƙanena tana ciki.

Na sami ƙanena a rumfarsa a kasuwar Bawku, yana zaune a kan buhu, ana ɗinke wasu a gabansa. Ya rame kaɗan. Ya buɗe takardar ya karanta har ƙasa, ya naɗe ta yadda take.

"An riga an ɗauki mutum, Yaya."

"Na sani."

"To me zan yi da ita?"

"Ka ajiye."

Ya dube ni. "Duka ka gaya masa?"

"Duka."

"Bai kore ka ba?"

"Wa zai gyara masa bas?"

Sai ya yi dariya, ta gaske, har masu ɗinkin buhu suka waiwayo. Ya saka takardar a aljihun gaba, ya tashi ya ce mu je ya saya mini tuwo, akwai wata mata a bayan tasha da ta iya miyar ayoyo. Muka ci, muka yi zancen ciwon ƙafar Mma da tsadar buhu. Ya raka ni har mota.

Bai koma koyarwa ba. Shekara uku bayan haka ciwon shawara ya kwantar da shi, aka kawo shi Salaga, a can muka binne shi. Mma har ta rasu tana cewa son kasuwa ne ya fitar da shi daga makaranta, kuma ban taɓa gyara mata zancen ba.