Zaren da Ishatu Take Zaɓa

Yayana Kailani tela ne a Tudun Wada. Duk wanda ya sa kaftani mai aikin wuya a unguwarmu cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya a ce bai taɓa zama a bencin shagonsa ba. Hannunsa a keken surfani ba a magana. Amma yana da wani hali da ya tsaya mini a rai: ba ya zaɓen zare. Ka kawo masa shadda, ya auna ka, ya ji irin aikin da kake so, sai ya naɗe yadin ya ce sai Ishatu ta gani. Ishatu matarsa ce, 'yar Gyallesu. Da yamma ya ɗaure yadudduka a bayan kekensa na hawa ya kai gida, da safe ya dawo da su, kowanne da zarensa a naɗe a ciki.

Ni ne ƙaninsa, Ɗantsoho ake ce mini a gida, kuma ni na laƙaba masa mijin-ta-ce. Matar wa abokiyar wasa ce, don haka na sami ƙofa na shige da takalmina. A majalisarmu ta bayan La'asar nakan tambaye shi ko ya nemi izini kafin ya fito, a yi ta dariya. Shi ma yakan yi murmushi, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Tun muna yara aka yanke wa Yaya hukuncin daƙiƙanci. Inna ta aike shi sayen tumatir, ya dawo da rabi ɗanye shar. A aji huɗu aka ce kowa ya zana tutar ƙasa, shi ya shafa wa tasa ruwan ƙasa, ya sha bulala a gaban aji. Baba ya ce wannan kan ba na boko ba ne, ya cire shi ya kai shi koyon ɗinki. A can maigidansa ne ke miƙo zare, shi nasa taka keke, sai ya yi fice. Bakinmu ma ya taimaka masa ya ɓuya. Mu da muke kiran goro ja, ƙasa ja, saniya ja, duk abin da ya yi duhu kuma mu ce baƙi, wa zai kama mutum da kuskuren suna?

Ni aka bari a makaranta, har na zama malamin kimiyya a sakandare. Kowace shekara nakan fito da ɗalibai rana, in jingina madubi a cikin kwanon ruwa, bakan gizo ya bayyana a jikin bango. In gaya musu farin hasken rana tarin launuka ne. In ce launi ba a jikin yadi kaɗai yake ba: yadi yana shanye wani sashe na haske ya mayar da wani, abin da ya mayar shi ke shiga ido, can ciki kuma akwai ƙwayoyi iri uku masu karɓarsa. Har da layi biyu da nake sa su rubuta, cewa akwai waɗanda ake haifa da wani iri na ƙwayoyin nan da bai cika aiki ba, galibi maza, sai ja da kore da ruwan ƙasa su riƙa rikice musu. Na yi ta tambayar wannan a jarrabawa, ina jan kunnen wanda ya faɗi. In na tashi kuma in biya ta shagon Yaya in tsokane shi.

Shekara biyu da suka wuce aka sa bikin ɗana Ashraf. Na kai wa Yaya farar shadda ta mutum goma sha biyu, ango da abokansa, aikin wuya kore mai duhu. Lokacin Ishatu tana Kaduna, 'yarsu ta haihu, ta je zaman jego. Yaya ya ce in bari ya aika mata yadin da zare a mota, kwana ɗaya ne. A gaban maƙwabtan shago na fashe da dariya. Na ce farin yadi ma sai ta gani? Na miƙa hannu kan kanta na ɗauko koren zare, na dangwara masa a kan keke, na ce yau dai ya zama namiji. Ya daɗe yana kallon kantar nan mai zare jere reras, sannan ya ce to.

Zaren da na ba shi ya ƙare a riga ta biyar. Ya tashi ya ɗauko wanda idonsa ya ce masa shi ne, ya ci gaba.

Ranar Laraba na zo karɓa, ɗaurin aure Asabar. Riguna huɗu lafiya lau. Ta biyar ta faro da kore ta ƙare da ruwan ƙasa. Sauran bakwai ruwan ƙasa ne zalla, aiki mai kyau kamar a lashe, wanda ba wanda ya ce a yi. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. Na ɗaga rigar sama don 'yan layi su gani, na ce ashe shekara talatin da idon mace yake cin abinci. Ya ɗauki reza ya zauna yana farke aikin. Na kwashe kayana na kai wa wani tela a unguwar Kongo.

Ya zo ɗaurin auren, ya zauna can baya, ya tafi kafin a raba goro. Maganata kuwa ta zagaye layi. Masu kawo shadda suka ja baya ɗaya bayan ɗaya. Kafin Ishatu ta gama zaman jegon ya sayar da keken surfanin, ya koma faci da rage wando.

Da ta dawo, washegari da hantsi ta yi sallama a gidana. Na fara wasan da muka saba, ta ƙi karɓa. Ko mayafi ba ta sauke ba.

"Malam, kai ne mai ilimin gidan nan," in ji ta. "Ni tun satin farko na aurenmu na gane, ranar da ya yaba mini jan zane alhali kore na ɗaura. Ban san sunan abin ba. Na dai rufa masa asiri, kai kuma ka tona."

Kafin ta rufe baki layukan nan biyu na darasin ido sun faɗo mini, har da yadda nake rubuta su a allo. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na aro littafin gwajin ido wurin wani abokina ma'aikacin asibiti, mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi da lamba a ɓoye a tsakiya. Na sami Yaya a bakin shago yana sa wa wandon makaranta faci. Na roƙe shi gafara, ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke ƙara wa mutum nauyi. Sannan na buɗe littafin a hasken rana. Shafin farko ya karanta lambar nan take. Daga nan sai ya riƙa cewa shi tsakuwa kawai yake gani. Na yi masa bayanin haske da ƙwayoyin ido, a hankali, yadda ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Na ce haihuwarsa aka yi da shi, ta wajen uwa ake gadonsa, ba ya da magani, kuma akwai irinsa da yawa. Na ce zan samo wani keken, mu rubuta wa kowane zare sunansa a jiki.

Ya girgiza kai. Ya ce baya ya gaji, ido ya gaji, masu shadda kuma sun riga sun san wata hanya. Ya rufe littafin ya riƙe shi a cinya, yana shafa bangonsa da babban yatsa.

"Ɗantsoho, yaushe ka san wannan abin?"

Na ce tun ina kwalejin horon malamai.

Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirga shekarun. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Ashe ba daƙiƙi ba ne ni," ya ce. "Da Baba yana da rai, da ka gaya masa."