Rigar da Aka Ɗinka a Juye

Shekara ashirin Maman Auta tana taka keken ɗinki a shagonta na ƙasan bene, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Sai Allah ya ba ta Auta, yarinyar da ana sa mata riga za ta kurma ihu, ta hau birgima, ta gartsa wa na kusa cizo. An yi duka, an yi lallashi, dangin uba suka ce sangarta ce. Uwar ce ta gano haɗin ɗinki ke cin fatar yarinyar. Tun daga ranar take ɗinka mata kaya a juye, haɗin a waje, gida ya zauna lafiya.

Sai aka sa ta makaranta. Shugabar ta ga riga a juye, ta ce ba a makarantarta ba. A gaban ɗalibai ta sa aka juya rigar daidai. Kafin a fita tara Auta ta ciji malamar aji, aka kore ta. Sau uku uwar tana zuwa bayani, ana shanya ta a bakin ofis. Wallahi ta ƙullaci matar nan.

Wata biyar Auta tana ƙarƙashin teburin yanka, tana leƙen yara masu wucewa makaranta. Kwatsam sai ga Shugaba da yadi, ko kunya babu, wai rigar ranar raba kyaututtuka take so, don duk titin ba mai hannun Maman Auta. Maman Auta ta auna ta da fara'a, ta tsara riga ta gani ta faɗa. Amma haɗin ciki da zaren roba mai kauri ta bi shi, ta daddatse bakinsa ya zama kamar ƙaya daga wuya har hammata. Sai safiyar taron ta aika mata.

Awa uku Shugaba tana mutsu-mutsu a gaban iyaye, ga murmushin dole, ba damar susa. Ana tashi ta faɗo shagon, wuya ya yi ruɗu-ruɗu, tana zazzaga masifa, wai saura kaɗan ta yage rigar a gaban jama'a.

Maman Auta ko ƙafa ba ta ɗauke daga keke ba.

"Awa uku ke nan, Malama, da girmanki. Ita shekarunta shida." Ta ɗaga rigar makarantar Auta, haɗin a waje. "Ran Litinin da wannan za ta zo."

Shugaba ta tsaya tana susar wuya. Ta dubi ƙarƙashin tebur, ta ce a kawo ta kafin takwas.