Auren da Kotu Ba Ta Sani Ba

Ku matso nan, jikokina, ku ajiye surutu ku ba ni kunnuwanku. Wannan da idona na gan shi, a nan garin Bahiya, hayin teku, inda aka kawo mu bauta.

Shekarar da Musulmi suka yi tawayen nan a ƙarshen azumi, ina tuyar ƙosai a unguwar Barokinya, na riga na fanshi kaina. Kakanku kuwa har lokacin bawa ne, yana ɗaukar uwargijiyarsa a kujera yana hawa da ita tudun gari. Da aka bi ɗakuna ana bincike, aka sami laya da farar riga irin ta 'yan tawayen a kayansa. Aka yanke masa hukuncin kisa.

Sai na ji ana cewa akwai alƙalai a sama da wannan alƙalin, ana ɗaukaka ƙara gare su, kuma duk wanda abin ya shafa yana da bakin magana. Na ce to, wa ya shafa in ba ni ba? Na yi yadda ake yi a gida. Na nemo dattawa biyu da suka shaida ɗaurin aurenmu, na ƙunshe goro a ganye, muka hau tudu da hantsi.

A bakin ƙofar kotu muka tarar da tafinta, wani tsohon Bayarabe mai jin Hausa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Iya, waɗannan fa?"

"Shaidun aurena ne, Baba. A gabansu aka shafa fatiha."

"Fatiha!" Ya sassauta murya. "A gidan nan? A bana? Kin zo fid da mutum ɗaya za ki ƙara musu biyu. Ku tsofaffi, ku gangara kamar kifi kuka zo saye."

Suka gangara, ko sallama babu.

Ya ce mini auren da ba a rubuta a coci ba, kotu ba ta san shi ba. Mai bakin magana a kan bawa shi ne mai bawan. "Goron dai bar shi nan," in ji shi, "ni na san shi."

Uwargijiyar tsohuwa ce mai ciwon ƙugu, mijinta ya mutu, tana tsoron maƙwabta su ce tana kare ɗan tawaye. Kullum da safe sai in je in zauna a dokin ƙofarta. Ran nan ta leƙo.

"Ke, har yau kina nan?"

Da ɗan yaren iyayengijin da na tsinta a kasuwa na amsa. "Ina nan, ranki ya daɗe. Waɗanda suka ɗauko ki jiya sun jijjiga ki. Tun daga gangare na ji kina zaginsu."

Ta shafa ƙugunta. Da la'asar ta aika a kira lauya.

An karanta mini abin da ya rubuta. Ya ce in an kashe bawan, an raba tsohuwa da dukiyarta. Ba a ambace ni ba. Ranar zaman kotun ita ta shiga, ni ina waje a rana. Aka mai da kisan bulala, ana yi ana hutawa, kwana da kwanaki. Ni na dinga gasa masa baya.

Tsohuwar ta ƙara shekara shida, a kujerar kakanku, kuma ba ta 'yanta shi ba. Sai a hannun 'yarta muka fanshe shi. Dattawan nan biyu, ɗaya an kore shi a jirgin ruwa, ɗaya ya makance ya rasu a ɗakina. Tafintan kuwa kullum yana cin ƙosaina har Allah ya karɓi abinsa. Kakanku ya rasu bara a kan tabarmarsa, ni na rufe masa ido.