Keken Baba da Baburin Yaya

Har yau in na ji ƙarar injin feshi a gona sai raina ya ɓaci, don yana tuna mini keken Baba da abin da yayana ya yi masa.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a majalisun karta na bayan kasuwar Daura suka watse, inuwar wata darbejiya ta zama babu mai ita, sai muka gaje ta. Mu 'yan kaɗan ne da Allah ya jarrabe mu da son ɗaura wa keke inji. Akwai wani tsohon direba, shi ne babbanmu, da kunne yake gane ciwon inji tun kafin a kwance shi. Akwai mai walda. Akwai tela, wanda a ganinmu bai iya komai ba sai surutu da miƙo sufana. Sai ni, malamin firamare. Duk Juma'a bayan la'asar muna can, hannu baƙi ƙirin, mutanen gari na wucewa suna ce mana mahaukatan bayan kasuwa. Doka ɗaya gare mu, ba a sayar wa juna kaya. Wanda ke haɗa keke, kowa ya zazzage gwangwaninsa ya ba shi abin da ya rasa, ko fulogi ne ko kafireto.

Mahaifina yana da gona a hanyar Dutsi, yana kuma da wani baƙin keke da ya girme ni. Da gwiwoyinsa suka fara ciwo sai ya riƙa dawowa yana tura shi, ya zube a zaure yana murza man zafi. Na ce ya ba ni keken in sa masa inji.

"In ka ɓata mini shi, kai za ka riƙa goya ni zuwa gona," in ji shi.

Muka samo injin feshi muka zaunar a kan kariya. Mai walda ya liƙa wani zobe a jikin tayar baya, muka ja bel daga injin zuwa zoben, muka sa ɗan ƙarfe a kusa da birki wanda in an ja shi bel ɗin zai kama. Bel ya yi ta zamewa, injin ya yi ta tari, mu ma muka yi ta faɗa a kan wanda ya jawo. Ranar da ya tashi sosai muna ta ihu, sai tela ya ce, "Ku dakata. Tsohon nan da babbar riga yake hawa. Wannan bel ɗin naku zai cinye masa ita, ya ja shi ƙasa." Muka ga gaskiyarsa. Mai walda ya yanko fallen ƙarfe ya rufe wurin, daga ranar kuma muka rage yi wa tela dariya.

Baba ya hau, ya taka feda kaɗan, ya ja ƙarfen nan, keke ya ɗauke shi. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba. Daga nan ya koma fita bayan asuba da fartanya da buta a ɗaure, ya dawo lokacin da ya ga dama. In mai ya ƙare ya taka a hankali, in ya zo rairayi ya sauka ya tura, don abin ba nauyi. Har goge fulogi ya koya. Wani lokaci ranar Juma'a yakan tsaya a gindin darbejiyar ya ce wa tsohon direba, "Saurara mini shi, kamar yana mura."

Yayana a Katsina yake aikin gwamnati. Ya zo hutun sallah da wasu abokansa, suna tsaye a ƙofar gida sai ga Baba ya dawo, keke na hayaƙi yana ɓaɓatu. Ɗaya daga cikin baƙin ya ƙyalƙyale da dariya ya ce wannan kuma wane irin jirgi ne. Na ga fuskar Yaya ta canja.

Ba a daɗe ba ya dawo da sabon babur ɗan Caina a bayan a-kori-kura, ja, da leda a kujerarsa. Ina makaranta, Baba ya tafi jana'iza cikin unguwa a ƙafa. Yaya ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, ya ce su ɗauke tarkacen da ke zaure. A nan ƙofar gida suka farfasa shi da guduma don ya shiga buhu. Da na dawo, ɓallen ƙararrawa kawai na tsinta a ƙasa.

"Yaya, ka tambayi Baba?"

"Me zan tambaya? Ana zagina a gari, wai ina Katsina ina cin albashi, ubana na yawo a kan bola. Haƙƙin iyaye ba wasa ba ne. Kai malamin makaranta ne ko ɗan gwangwan?"

Na ɗaga murya na ce keken ba nasa ba ne, injin ma ba nawa ba ne ni kaɗai. Daga cikin gida Inna ta ce, "Kai, yayanka ne fa." Na haɗiye sauran maganar.

Yaya shi ne ɗan fari, kuma Baba irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce mutumin Katsina. Ba ya zama da shi su yi hira, ba ya kallonsa ido da ido, in akwai saƙo ta bakina yake bi. Da ya dawo daga jana'izar ya tarar da jan babur a inda baƙin keke yake, ya daɗe tsaye. Yaya ya durƙusa ya miƙa masa makulli. Baba ya kalli tabarma ya ce, "Allah ya yi albarka." Yaya ya ɗauki wannan a matsayin godiya, ya shiga mota ya koma da farin cikinsa.

Baba ya gwada baburin. Tayar da shi sai an buga ƙafa, gwiwar kuma ita ce ba ta nan. Da ya samu ya fito da shi ƙofar gida, nauyinsa ya rinjaye shi ya danne masa ƙafa, sai maƙwabta ne suka ɗaga. Bai sake taɓa shi ba. Damina ta faɗi, ni da safe ina aji. Mutumin da ke riga kowa isa gona ya koma zama a dakali da fartanya a gefe, yana tare masu shigowa gari yana tambaya ko ruwan ya kai wajen gonarsa.

Na kai kukana gindin darbejiya. Tsohon direba ya jawo nasa keken ya fara kwance injin. Na ce haba Baba direba, kai kuma fa? Ya ce, "Malam, miƙo mini sufana, ka cika magana." Mai walda ya kawo gangar jikin wani keke da yake ɓoyo, tela ya ciro bel da sirdi daga nasa ya koma gida a ƙafa. Ba mu jira Juma'a ba, kullum bayan la'asar muna wurin, don muna son ya riski noman farko. Muka gama, har ɓallen ƙararrawar nan na mayar masa.

Muka turo shi ƙofar gida gaba ɗayanmu. Baba ya tashi da kyar, ya zagaya shi, ya shafa fallen da ke rufe bel. Tsohon direba ya ɗaga tayar baya ya tayar masa. Baba ya karkata kai yana sauraro kamar mai jin karatu. Can ya miƙa hannu ya kashe.

"Allah ya saka muku. Ku mayar."

"Baba, me ya sa?" na ce.

"In na hau wannan na bar wancan a zaure, gari zai ce na mayar wa mutumin Katsina kyautarsa."

"To ka faɗa masa ba ka iya hawa mana!"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni zan faɗa masa?"

Na hau mota na tafi Katsina takanas. Na faɗa wa Yaya komai, faɗuwar da zaman dakalin, na ce kalma ɗaya ake so daga gare shi, ya ce Baba ya hau abin da ya fi masa sauƙi. Ya ce ni dai so nake in tozarta shi da haukana na bayan kasuwa. Sannan ya ce, "In da gaske ne, ya faɗa mini da bakinsa." Wannan ita ce maganar da ban yafe ba. A gidan nan aka haife shi, ya fi ni sanin cewa Baba zai yarda ya ruɓe a dakali da ya buɗe baki ya ce masa haka.

Gonar aka ba wani maƙwabci aro. In na samu sarari ranar Asabar nakan goya Baba a kan baburin nan mu je ya gani, ya tsaya a bakin kunya yana kallon yadda wani ya bar masa ciyawa, ya ce mu koma. Bayan kakar shekara ta gaba ya rasu.

Abokaina suka zo ta'aziyya. Tun daga kwanar layi suka kashe injinansu suka turo kekunan a hannu, suka zauna a gefe. Ina ji Yaya na faɗa wa jama'a cewa alhamdu lillahi bai bar tsohon ya wahala ba a ƙarshen rayuwarsa, babur ya saya masa sabo fil. Na yunƙura zan tashi, tsohon direba ya dafe mini gwiwa ya danne.

Da aka raba gado baburin ya faɗa a rabon Yaya. Ya zo da a-kori-kura zai ɗauka, ni na kama masa muka fito da shi daga zaure. Ya sa hannun riga ya share ƙurar da ke kan ledar kujerar, ya ga ko yagewa ba ta yi ba, ya girgiza kai yana murmushi.

"Allah ya jiƙan Baba," ya ce. "Akwai shi da adana kaya."