Neman Filin Jirgin Abu Fahad

Unguwar Al-Naseem, Riyad, 5:10 na asuba

Muna idar da sallah na tayar da mota. Maigidana Abu Fahad ya shiga gaba da sandarsa. Ya haura tamanin. A ƙuruciyarsa dukiyar ubansa ya zuba a tseren mota da tuƙin ƙaramin jirgi, tun Riyad tana gidajen laka. Yanzu likita ya ce ganinsa ba zai kai azumi ba, shi kuwa ya rantse sai ya sake ganin filin da ya fara tashi sama.

"Ina muka nufa, Ammi?" na tambaya, wato Baffa da Larabci.

"Arewa. Sa rana a kafaɗarka ta dama."

Ranar ko fitowa ba ta yi ba! Shekara shida da barina Maraɗi ina tuƙi, ba a taɓa yi mini irin wannan kwatance ba.

Shingen 'yan sanda, kilomita 35

Ɗan sanda ya duba iƙamata, wato katin izinin zama, ya ce ina zuwa. Na ce filin jirgi. Ya nuna mini baya, wai mun wuce shi. Tsoho ya daka tsawa: "Ba naku ba, nawa!" Muka karya a gefen hanya, gurasa da wake riyal huɗu, shayi riyal ɗaya.

Sahara, 9:40

Ashe daga sama ya san ƙasar. Wai in nemo tudu mai kama da raƙumi a durƙushe. Daga ƙasa kuwa duk tudu tudu ne. Sau uku muna wuce masallaci guda, kaina ya ɗaure, tausayinsa ya kama ni.

Wajen sha ɗaya muka faɗa wani miƙaƙƙen titi, sabuwar kwalta, ba gida ba mutum. Tsoho ya zura hannu ta taga.

"Iskar ce. Nan ne. Taka, ya Haruna, kunkuru kawai!"

Ni da ban taɓa wuce tamanin ba, sai ga ni a ɗari da arba'in, ina ta salati. Ya rufe ido, ya ja sandarsa zuwa ƙirji da hannu biyu kamar sitiyarin jirgi.

"Mun tashi?"

"Mun tashi, Ammi."

Gida, 1:30

Uwargida ta tare mu a ƙofa: "Kun samu?" Har yau ban sani ba ko filin ne. Kafin in buɗe baki ya ce, "Na gan shi sarai."

Idonsa a rufe yake, ni shaida ne. Na gode wa Allah da Ya sauke mu lafiya.