Akun da Ya Riƙe Muryar Malam

A gidanmu na ƙauye, kusa da Fagam, idan an gama girbi sanyi ya shigo, kakarmu Iya Abu takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha. Mu jikokinta mu zagaye ta tana ɓarar gyaɗa, kejin akunta na rataye a bayanta. Kakanmu Malam ne ya zo da tsuntsun daga kudu lokacin da yake fataucin goro. Ya rasu tun ban yi wayo ba, amma na san muryarsa, domin akun ya riƙe ta. Da asuba sai ya yi gyaran murya irin ta tsofaffi, ya ce, "Abu, ruwan alwala." Iya ta amsa, "Ga shi nan tafe, Malam," kamar ba komai.

Akun yana da wata ɗabi'a. Da an fara hira sai ya kumbura gashinsa, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya lumshe ido, ya shiga goga bakinsa na sama da na ƙasa, ƙaras-ƙaras. Ni ba na son ƙarar. Yaro ne ni mai tsoro, har yau ma ban canja ba. Iya takan ce, "Wannan maigida nawa, ko kaza ta yi tari sai ya nemi maɓoya."

Wata shekara ƙanwata Ummi ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Yayar babanmu, Goggo Laure, ta zo dubiya, ta ji ƙarar, ta dafe ƙirji.

"Ku kuna zaune da wannan? Ba ku ji wuƙa yake wasawa ba? Ga muryar mamaci a bakinsa, ga yarinya a kwance!"

Baba bai yi musu ba. Ya ce gobe kasuwar Gwaram take ci, zai kai tsuntsun ya rabu da shi.

A wannan daren Iya ta hura wutarta kamar kullum, sai dai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, domin Baba yana zaune a kan turmi ya ba mu baya.

"Ga wata tatsuniya nan tafe," in ji ta. Muka ce ta ƙaraso.

Ta ce an yi wata mata mai aku, kullum da dare yana goga baki. Maƙwabta suka ce ai yaron da yake cizon haƙora cikin barci tsutsar ciki gare shi, tsuntsu ma haka ne. Ta jiƙa maɗaci ta ɗura masa. Wasu suka ce wani abu yake gani wanda mutane ba sa gani, ta turara shi da hayaƙi har idonsa ya yi ja. Da ya fara gogawa sai ta buga kejin ta tashe shi. A kwana a tashi ya daina, matar ta yi murna ta raba waina. Sai ya shiga fige gashinsa, ya ƙi cin abinci. Ta zauna tana kuka tana tambayarsa me ta rage shi da shi. Akun ya ce, "Uwar gida, ba na goga baki sai na ƙoshi, na yarda da gida, barci ya zo. Kin yi min maganin kwanciyar hankalina, ga shi na warke."

Iya ta jefa ɓawon gyaɗa a wuta. "Ta ƙare a nan. Mai kunne ya ji."

Baba ya tashi ya shiga ɗakin da Ummi take. Ni kuwa na rasa bayan wa zan bi. Ina son Iya, amma ina jin nishin ƙanwata ta jikin bango.

Da safe Baba ya ɗaure kejin a bayan keke, ya lulluɓe shi da buhu. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yafe min." Ta ce, "Allah ya ba Ummi lafiya. Ka gaya wa wanda ya saya yana son barkono."

A wannan tafiyar Baba ya sayo magani, kuma Allah ya tashi kafaɗar Ummi. Goggo Laure ta bi gida-gida tana cewa, "Ba na faɗa ba?" Iya ta ci gaba da hura wuta, amma tatsuniyoyinta suka gajarce, da asuba kuma babu mai kiran sunanta.

Yanzu ina zaune a Birnin Kudu da iyalina. Wani maƙwabcina yana da aku, kuma na sha tsayawa ina kallonsa da magariba: ƙafa ɗaya, ido a lumshe, ƙaras-ƙaras, sai barci. Lafiyarsa ƙalau, gidan ma lafiya. Gaskiyar Iya ce.

Sanin haka bai sanyaya min rai ba. Nakan tambayi kaina, da 'yata ce a kwance, me zan yi? Ina jin tsoron abin da Baba ya yi shi zan yi, ko da na san dalilin ƙarar. Mai tsoro ba bayani yake nema ba, abin da zai fitar daga gida yake nema don ya ji ya yi wani abu. A ranar abin da ya fi sauƙin fitarwa shi ne na tsohuwar da ba za ta yi gardama da ɗanta ba. Ummi yanzu har ta yi jikoki, ba ta ma tuna an taɓa yin aku a gidanmu. Ban taɓa gaya mata ba, kuma ba na jin zan gaya mata.