Sarkin Tafin Golkonda

Mirza Ghiyasuddin Baig, an haife shi ranar sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1951, a unguwar Bada Bazar da ke cikin ganuwar Golkonda, a birnin Haidarabad. Na rubuta sunan ne kamar yadda yake a katin aikinsa. A rajistar makarantarmu Ghiyasuddin ne kawai. Mirza da Baig, sunayen 'yan manyan gida, daga baya ya tsinto su, yadda ake tsintar takalmin wani a ƙofar masallaci.

Na san shi ta hanya biyu, kuma babu wadda na zaɓa. Ɗalibina ne a shekarar da na fara koyarwa, sannan ƙanin matata ne, Afsari Begum. Mahaifinsu guga yake yi da dutsen gawayi, mutumin kirki, wanda bai taɓa ƙona rigar kowa ba. Ɗan kuwa ya bar makaranta a aji bakwai, bayan ya shekara biyu yana tabbatar mini cewa ilimi ba ya shiga inda ba a buɗe masa ƙofa ba. Ya gwada sayar da awarwaro a gindin hasumiyar Charminar, ya fasa fiye da abin da ya sayar. Ya gwada jagorar baƙi a hubbaren sarakuna, sai ya riƙa canja wa mamatan kaburbura gwargwadon inda inuwa take. A shekarar 1969 ya gano sana'ar da ta dace da shi, wato tafi.

Duk wanda ya tsaya ƙarƙashin ƙubbar ƙofar shiga tsohuwar fadar Golkonda ya tafa, ana jin tafinsa a soron Bala Hisar, can bisa dutse, bayan matakala ɗari uku da sittin. Hikimar magina ce, ba ta mai tafi ba. Amma 'yan jagora sun saba da wani tsari: ɗan jagora zai hau da baƙinsa, ya kaɗa hankici daga soro, wani a ƙasa ya tafa, baƙi su ji su yi mamaki. Ghiyas ya tsaya a tsakiyar ƙubbar nan wata safiya, ya ce wurinsa ne. Da yake babu wanda yake kwaɗayin yini a tsaye yana jiran hankici, sai aka bar masa. Shekara arba'in da uku ya yi a kan faɗin dutse ɗaya. Wasu suna hawa suna sauka, gumi yana zuba, shi kuwa yana inuwa, da ganyen fan a kunci, wanda ake taunawa kamar goro, ana sam masa abin da baƙi suka bayar.

Da a nan ya tsaya, da ban ɓata tawada a kansa ba. Sai dai ya ɗora wa tafin tarihi. Yakan ce wa baƙi kakanninsa ne masu tafin sarakunan Golkonda, uba ya bar wa ɗa, kuma kakan kakansa ne ya tafa ranar da mayaƙa suka kewaye birni. Yakan nuna musu tafin hannunsa su taɓa. Yakan ce akwai lanƙwasar yatsu da ba a koya wa bare. Tun ana kiransa Sarkin Tafi da ba'a har ya sa aka ɗinka masa sunan a aljihun riga.

Kowace shekara nakan kawo 'yan ajina, in ba su shekaru daidai, in ba su sunaye daidai. Kafin in rufe baki ya janye su.

"Ku matso, 'ya'yana, ku bar Dulhe-bhai da lambobinsa," in ji shi, don haka yake kirana, a matsayina na mijin yayarsa. "Shi a littafi ya karanta, mu a jini muka gada."

Nakan ce, da laƙabin da ake kiran ƙani a wurinmu, "Ghiyas miyan, abin da ka gada dutsen guga ne, shi ma ka sayar."

Yara su yi dariya, su bi shi duk da haka. A jarrabawa kuma in tarar da kakan kakansa zaune cikin amsoshinsu.

A shekarar 2012 'yan jagora suka gaji. Shugabansu, wani dattijo Yadagiri, wanda gwiwoyinsa suka ƙare a kan matakalar nan, ya tara su a shagon shayi. Aka yanke cewa ƙubba ba gonar kowa ba ce: za a riƙa karɓa-karɓa, wanda ya tafa yau gobe ya hau. Wanda ba zai hau ba ya ajiye kati.

Ghiyas ya tashi yana kumfar baki, duk da bai fasa ce masa anna ba, wato yaya. "Yadagiri anna, tafi tafi ne? To, ai biryani ma shinkafa ce! Nawa ko jariri ya ji shi a sama ya san nawa ne."

"Madalla," in ji Yadagiri. "Gwaji ya raba gardama. Mutum uku za su tafa, kai da wasu biyu, a jefa ƙuri'a a kan wanda zai fara. Alƙali yana sama. In ya ware naka, ƙubba taka ce har ka mutu. In bai ware ba, ka nemi takalmin hawa. Wa kake so ya yi alƙalanci?"

Ghiyas ya ambaci sunana. An ce mini sai da mai shayi ya ajiye buta don dariya, domin duk Golkonda an san irin zaman da ke tsakaninmu. Suka amince nan take.

Ana gobe gwaji, da la'asar, ya zo gidana da biskit a takarda, abin da bai taɓa yi ba.

"Dulhe-bhai, magana ce ƙarama. Kowa sau uku zai tafa. Ni zan ɗan ja numfashi kafin na ukun. Ka ji an jinkirta, ka ce wannan ne. Shi ke nan, tuwona maina."

Na ce, "Tambayar da za a yi mini ita ce ko sautinka ya bambanta da na sauran. Ba a ce in faɗi wanda ya iya maguɗi ba."

"Haba, Malam sahab! Yau ɗaya ka ajiye jan biron nan mana. Shekarata sittin da ɗaya. Ina za ni?"

"Sama," na ce. "Kamar kowa."

Afsari ta biyo ni har ƙofar ɗaki. "Ƙanina ne fa. Ba abin da ya iya a duniya sai wannan."

Na ce mata wannan ita ce gaskiya ta farko da aka faɗa a kansa a gidan nan.

Washegari na hau tare da Yadagiri. Ina da shekara saba'in da biyu a lokacin, na huta sau biyar, ban kuwa roƙi kowa ya riƙe ni ba. Daga soro ƙubbar takan zama kamar kwano a kife. Yadagiri ya kaɗa hankici. Tafi ya iso, siriri, tsaf, kamar an karya busasshen kara a bayan kunne. Ya sake kaɗawa. Biyu suka iso, aka yi shiru na numfashi ɗaya, sannan na uku. Ya kaɗa na ƙarshe, uku suka iso a jere.

Yadagiri ya miƙo mini takarda. Na san na biyun ne, na kuma san dalilin da ya sa na sani. Da na rubuta "na biyu" kawai, da ƙubba ta zama tasa, da na sami zaman lafiya a gidana. Na auna sautin ukun a raina da adalci, har ina fatan in sami ɗan bambanci komai ƙanƙantarsa. Babu. Na rubuta: "Tafi uku ne, sautinsu ɗaya." Na sa hannu da kwanan wata.

Da muka sauko Yadagiri ya karanta a gaban jama'a. Wani matashi ya ce, "Sarki ya sauka, sai hawa!" Aka yi shewa, wasu har da tafi, wanda a ganina ya wuce kima. Na zaci Ghiyas zai zage ni, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Bai zage ni ba. Ya cire katin daga wuyansa, ya miƙa wa Yadagiri.

"Ba wanda ya kore ka, miyan," in ji Yadagiri. "Hawa kawai aka ce. Gurgu ma yana hawa."

"Jinin sarauta ba ya dako," in ji Ghiyas. Ko a ranar faɗuwarsa sai da ya yi ƙarya.

Muka fito tare, don hanyarmu ɗaya ce. Mun kusa wurin masu keke-napep sai ya rage tafiya, bai dube ni ba, ya ce a hankali, "Dulhe-bhai, da gaske yana isowa?"

"Mene ne?"

"Tafin. Ana jin sa sosai, ko kuwa baƙi kara suke yi mana?"

Na tsaya na dube shi. Nan da nan ya yi dariya, ya ce wasa yake, ya tofar da jan yawu, ya tsallaka titi.

Bai sake komawa ƙofar ba. Ya yi shekara uku yana zaman shagon shayi, yana ba da labarin yadda mijin yayarsa ya ci amanarsa, har ya rasu a watan Agusta na 2015. Allah Ya jiƙansa. Afsari ta daɗe ba ta zuba mini shayi da hannunta ba.

Ni ba na rubuta abin da ban tantance ba. Bayan rasuwarsa na bi tsofaffin 'yan jagora ɗaya bayan ɗaya, su goma sha ɗaya, da masu shara biyu, da yayarsa. Tambayata guda ce: wace rana ka gan shi a sama? Kowa yakan buɗe baki da saurin amsa, sannan ya rasa ko rana ɗaya da zai ambata. Dalilin ƙin hawansa ban same shi ba. Tsoro ne, lalaci ne, Allah ne masani, domin mutumin da bai taɓa barin wata magana a cikinsa ba ya tafi da wannan. Mirza Ghiyasuddin Baig bai taɓa hawa soron Bala Hisar ba, kuma sautin da ya shekara arba'in da uku yana aikawa, bai taɓa jin isarsa ba ko sau ɗaya.